MV Liemba: tarihi da aikin tsohon jirgin fasinja na tabkin Tanganyika

MV Liemba jirgin ruwa ne na fasinja da kaya, mallakar gwamnatin Tanzaniya, wanda mazauninsa yake garin Kigoma a gaɓar gabas ta tabkin Tanganyika. A Jamus aka ƙera shi a shekarar 1913, aka kawo shi Afirka gunduwa-gunduwa cikin akwatuna. Ya shiga yaƙin duniya na farko a matsayin jirgin yaƙi, masu shi suka nutsar da shi da hannunsu a 1916, aka tsamo shi, ya koma aiki a 1927. Tun daga lokacin ya shafe shekaru kusan casa'in yana kai da kawo tsakanin Kigoma da Mpulungu ta ƙasar Zambiya. Ana lissafa shi cikin jiragen fasinja mafiya tsufa a duniya. A wajen baƙi ƴan yawon buɗe ido abin kallo ne na tarihi, amma a wajen ƙauyukan bakin tabkin ya daɗe yana zama hanyar kasuwa, hanyar asibiti da hanyar makaranta, domin da yawansu ba su da titin mota da ke biyuwa duk shekara.

Tabkin da yake yawo a kai

Tabkin Tanganyika dogo ne siriri, kwance tsakanin duwatsu daga arewa zuwa kudu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 673, wato kusan tazarar Yamai zuwa Maraɗi a mota, matsakaicin faɗinsa kuma kimanin kilomita 50 ne. Babu tabkin ruwan daɗi da ya fi shi tsawo a duniya. Zurfinsa ya kai mita 1,470, tabkin Baikal na Rasha kaɗai ya fi shi zurfi da yawan ruwa. Ƙasashe huɗu ke raba shi: Tanzaniya ta gabas, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yamma, Burundi ta arewa maso gabas, Zambiya ta kudu. Kogunan Ruzizi da Malagarasi ne manyan masu zuba masa ruwa, kogin Lukuga kuma shi ke fitar da ruwan zuwa kogin Kongo.

Yanayin ƙasar shi ya sa jirgin ruwa ya zama dole a nan. A wurare da yawa duwatsu sukan gangaro har bakin ruwa, sai ƴar ƙasa kaɗan ta rage inda masunta da manoma suka kafa ƙauyukansu. Fasa titi zuwa irin waɗannan wurare yana da tsada, da damina kuma hanyoyin ƙasa sukan yanke. Ga kuma halin tabkin kansa: idan iskar kudu ta taso da rani yakan yi igiyoyin ruwa kamar na teku, waɗanda ƙananan jiragen katako ke shan wuya a cikinsu. Babban jirgin ƙarfe ne kaɗai ke iya ɗaukar ɗaruruwan mutane da buhunan kaya ya ratsa wannan ruwa cikin kwanciyar hankali.

Daga Papenburg zuwa Kigoma

A farkon ƙarni na 20, ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, ban da tsibiran Zanzibar, tana ƙarƙashin mulkin mallakar Jamus tare da Ruwanda da Burundi. Jamusawa sun shimfiɗa layin dogo daga Dar es Salaam da ke bakin teku zuwa Kigoma, tsawon kilomita kusan 1,250, wanda ya iso bakin tabkin a watan Fabrairu na 1914. Burinsu shi ne su janyo cinikin gabashin Kongo da na yankunan tabkin ya biyo ta layinsu. Jirgin ƙasa yana tsayawa a bakin ruwa, don haka sai da babban jirgin ruwa da zai tattaro kaya daga tashoshin tabkin ya kawo masa.

An ba masana'antar Meyer ta garin Papenburg, a bakin kogin Ems a arewa maso yammacin Jamus, aikin ƙera jirgin. Wannan masana'anta, wadda aka kafa a 1795, tana nan har yau, kuma ita ce ke ƙera wasu daga cikin manyan jiragen shaƙatawa na teku. An haɗa jirgin a can a 1913 domin a tabbatar kowane ƙarfe ya zauna a wurinsa, sannan aka kwance shi aka zuba cikin akwatuna kimanin 5,000. Jiragen teku suka kai akwatunan Dar es Salaam, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Kigoma. Ma'aikata uku na masana'antar, Anton Rüter da Hermann Wendt da Rudolf Tellmann, suka biyo kayan. Su suka jagoranci sake haɗa shi, amma aikin ƙarfi, ɗaukar faranti-faranti na ƙarfe da buga ƙusoshi, ƴan ƙasa ne suka yi shi tare da wasu Indiyawa. An tura jirgin cikin ruwa ranar 5 ga Fabrairu 1915.

Sunan da aka raɗa masa shi ne Goetzen, domin tunawa da Gustav Adolf von Götzen, gwamnan mulkin mallakar Jamus a Gabashin Afirka daga 1901 zuwa 1906. Sunan yana da nauyi a tarihin ƙasar. A zamaninsa ne tawayen Maji Maji ya ɓarke a 1905, sojojinsa suka murƙushe shi ta hanyar ƙone gonaki da rumbuna, yunwar da ta biyo baya ta hallaka dubban mutane a kudancin ƙasar.

Jirgin yana da injunan tururi biyu, masu ƙarfin doki 500 gaba ɗaya, ana hura tukwanensu da itace. A lokacin babu jirgin da ya kai shi girma a kan tabkin.

Zamanin yaƙi

Kafin a gama haɗa shi, yaƙin duniya na farko ya riga ya ɓarke a watan Agusta na 1914. Tabkin ya zama iyakar fagen daga: Jamusawa ta gabas, Beljik ta yamma a Kongo, Ingila ta kudu a ƙasar da ake kira Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiyar yau. Duk wanda ya mallaki ruwan zai iya kai sojoji inda ya ga dama kafin abokin gaba ya iso ta ƙasa. Kwamandan Jamus a yankin, Gustav Zimmer, ya karɓi Goetzen ya mayar da shi jirgin yaƙi a tsakiyar 1915. An ɗora masa babbar igwa mai bakin santimita 10.5, ɗaya daga cikin waɗanda aka ciro daga jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg, wanda Ingilishi suka lalata a bakin kogin Rufiji a watan Yuli na wannan shekara. Babban aikinsa shi ne jigilar sojoji da kayan yaƙi tsakanin Kigoma da Bismarckburg, garin da ake kira Kasanga yanzu, tafiyar da a ƙasa takan ci mako biyu.

Domin karya wannan rinjaye, Ingila ta aiko da ƙananan jiragen ruwa biyu masu gudu, kowane tsawon mita 12, ƙarƙashin wani hafsan sojin ruwa mai suna Geoffrey Spicer-Simson. An sa musu sunaye Mimi da Toutou, irin sunayen da yaran Faransa ke kiran kyanwa da kare. Daga Ingila aka kai su Cape Town a jirgin teku, daga nan a jirgin ƙasa zuwa Katanga, sannan aka ja su ta cikin daji da duwatsu da motocin tururi da shanu da ƙarfin ɗaruruwan ƴan ƙwadago na Kongo. Ranar 26 ga Disamba 1915 suka kama ƙaramin jirgin Jamus Kingani, ranar 9 ga Fabrairu 1916 kuma aka nutsar da wani mai suna Hedwig von Wissmann. Goetzen dai ba su tunkare shi ba, saboda igwarsa ta fi ƙarfinsu.

Abin da abokan gaba ba su gane da wuri ba shi ne, sojojin ƙasa na Jamus sun shiga matsi har suka buƙaci manyan bindigogin jirgin. Aka ciro su, aka kafa itatuwa da aka sassaƙa kamar igwa a gurbinsu. A watan Yuni na 1916 jiragen sama na Beljik masu sauka a kan ruwa suka yi masa ruwan bama-bamai a Kigoma, ba tare da sun nutsar da shi ba.

Nutsarwa da tsamowa

Da sojojin Kongo ƙarƙashin hafsoshin Beljik suka matso, suna shirin yanke layin dogo, Jamusawa suka yanke shawarar barin Kigoma. Ba su so jirgin ya faɗa hannun abokan gaba, don haka ranar 26 ga Yuli 1916 suka nutsar da shi a mashigin Katabe, kusa da garin, a ruwa mai zurfin kimanin mita 20. Labarin da ya shahara shi ne cewa ma'aikatan Papenburg ɗin nan uku, waɗanda aka ba aikin, sun shafe injunan da man giris mai kauri kafin su buɗe wa ruwa hanya, da fatan wata rana za a ciro jirgin da suka sha wahalar haɗawa. Bayan kwana biyu Kigoma ta faɗa hannun Beljik.

Beljik ta fara ƙoƙarin ciro shi a 1918, har aka taso da shi aka jawo shi kusa da tasha, amma a 1920 guguwa ta sake nutsar da shi. A halin da ake ciki an raba ƙasar da Jamus ta rasa: Ruwanda da Burundi suka koma hannun Beljik, sauran ƙasar ta zama Tanganyika ƙarƙashin Ingila, wadda ta karɓi Kigoma a 1921. Ƙwararrun sojin ruwan Ingila suka tsamo jirgin ranar 16 ga Maris 1924. Da aka duba, sai aka tarar injuna da tukwanen tururi suna iya aiki, abin da ya sa aka ga gyara ya fi sayen sabo.

Ranar 16 ga Mayu 1927 ya koma bakin aiki da sabon suna, Liemba. Wannan shi ne sunan da mutanen kudancin tabkin ke kiran ruwan da shi, kuma da shi Baturen mishan David Livingstone ya rubuta shi lokacin da ya iso wannan ɓangare a 1867.

Hannuwan da ya bi da gyare-gyaren da ya sha

Daga 1927 hukumar jiragen ƙasa ta Tanganyika ce ke tafiyar da shi, domin a idon hukuma jirgin ci gaban layin dogo ne a kan ruwa. A 1948 ya koma ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa da tashoshin ruwa ta Gabashin Afirka, wadda ta haɗa Kenya da Uganda da Tanganyika. Tanganyika ta samu ƴancin kai ranar 9 ga Disamba 1961, ta haɗe da Zanzibar a 1964 suka zama Tanzaniya. Da ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka ta wargaje a 1977, jirgin ya faɗo cikin rabon hukumar jiragen ƙasa ta Tanzaniya. A 1997 aka ware sashen jiragen ruwa ya zama kamfanin gwamnati mai zaman kansa, Marine Services Company Limited, wanda aka danƙa wa jiragen tabkunan Tanganyika da Victoria da Nyasa.

Jirgin bai kai wannan shekaru da ƙarfinsa na asali ba. Manyan gyare-gyare biyu ne suka tsawaita ransa. Na farko an yi shi tsakanin 1976 da 1979, bayan ya yi shekaru a ɗaure har ana ganin kwanansa ya ƙare. A lokacin aka cire injunan tururi aka sa masu aiki da gazuwal. Daga nan ne harufan da ke gaban sunansa suka zama MV, alamar jirgi mai inji irin na mota, maimakon SS ta jirgin tururi. Gyara na biyu an yi shi a 1993 da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Danmak, Danida. Aka sa sababbin injuna biyu ƙirar MAN B&W, kowane mai ƙarfin kilowat 460, aka sabunta ɗakin tuƙi da wayoyin lantarki da bututai, aka ƙara wa gindinsa rufi na biyu domin kariya, aka kuma mayar da wani rumbun kaya wurin zaman fasinja. Adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka ya tashi daga 384 zuwa 600.

Bayan wannan gyara, tsawon jirgin mita 71.4 ne, faɗinsa kusan mita 10, yana nutsewa mita 3 cikin ruwa. Yana ɗaukar kaya ton 200 ban da fasinja, gudunsa kuma kimanin kilomita 20 a awa ɗaya. Gangar jikinsa, wato farantan ƙarfen da aka haɗa da ƙusoshi a Kigoma a 1914, ita ce babban abin da ya rage na asali.

Yadda tafiyar take

Tsarin tafiyar da aka san shi da shi shekaru da yawa shi ne: ya tashi daga Kigoma ranar Laraba da yamma, ya bi gaɓar gabas yana tsayawa, ya isa Mpulungu ranar Juma'a da safe, ya juyo a ranar, ya shigo Kigoma ranar Lahadi. Da can kowane mako yake yin wannan zagaye, daga baya aka mayar da shi sau ɗaya a mako biyu. Tazarar garuruwan biyu ta haura kilomita 450, kuma tafiyar kan ci kusan kwana biyu. Lokacin isowa ba shi da tabbas, domin yawan kayan da za a loda a kowane zango shi ke yanke tsawon tsayuwa. A wasu shekarun yakan kai har Bujumbura, kafin rikicin Burundi na shekarun 1990 ya kawo cikas.

Tsakanin Kigoma da Mpulungu akwai zango fiye da goma sha biyu a jihohin Kigoma da Katavi da Rukwa, daga cikinsu akwai Lagosa, Ikola, Karema, Kipili, Wampembe da Kasanga. A tsawon tarihinsa, Kigoma da Kasanga da Mpulungu ne kawai ke da tashar da jirgin ke iya jingina da ita. A sauran wuraren yakan tsaya nesa da gaɓa, ya saki anga, ya busa ƙaho. Nan take kwalekwale da jiragen katako masu inji sukan fito daga ƙauyen su kewaye shi, kowane matuƙi na neman ya riga wani kama gefe. Fasinja kan sauka ta ƙofar gefe zuwa cikin kwalekwalen, masu shiga kuma su hawo, ana miƙa jarirai da tsofaffi hannu da hannu. Manyan kaya kuwa na'urar ɗaga kaya da ke gaban jirgin ce ke ɗauko su cikin raga ta zuba a rumbu. Sau da yawa da tsakar dare ake wannan aiki, ƙarƙashin fitilun jirgin, kuma idan ruwa ya tashi yakan zama da haɗari. Mai kwalekwalen kuɗinsa daban yake karɓa, ba ya cikin tikiti.

Kayan da jirgin ke ɗauka a lokacin da yake zirga-zirga su ke nuna tattalin arzikin yankin. Daga ƙauyuka ana lodo buhunan busasshen ƙaramin kifi da ake kira dagaa da harshen Suwahili, kapenta a Zambiya, da ƙyafaffen kifin migebuka, da masara, shinkafa, garin rogo da abarba. Daga Kigoma kuma ana sauke musu siminti, kwanon rufi, sukari, sabulu, manja, kayan shago da gishirin Uvinza, garin da ke kan layin dogo wanda ya daɗe da shahara da gishiri. Mata ƴan kasuwa na da yawa cikin fasinja, kuma ciniki yakan fara tun a cikin jirgi. Mpulungu ita ce tashar ruwa ɗaya tilo ta ƙasa da ƙasa da Zambiya ke da ita, saboda haka jirgin ya zama mahaɗar ciniki tsakanin ƙasashen biyu, tare da jami'an shige da fice da na kwastan a tashoshin iyaka.

A lokacin da yake zirga-zirga, wuraren zama aji uku ne. Aji na ɗaya ƙananan ɗakuna ne masu gado biyu a hawan sama. Aji na biyu ɗakuna ne, galibi masu gado huɗu, a ƙasa da su. Aji na uku, inda mafi yawan mutane suke, zaure ne mai bencina a can cikin jirgin kusa da injuna, ga zafi ga ƙara, shi ya sa da yawa sukan fito su shimfiɗa tabarma a fili ko a kan buhuna. Akwai ɗakin cin abinci inda ake sayar da shinkafa ko ugali, wato tuwon masara, da kifi ko wake. A lokacin, baƙi ƴan ƙasashen waje sukan biya kuɗin tikiti fiye da na ƴan ƙasa.

Jigilar ƴan gudun hijira

Sau biyu a tarihin baya-bayan nan jirgin ya bar aikinsa na kullum ya koma ceton mutane. Yaƙin da ya kifar da Mobutu Sese Seko ya faro ne a 1996 daga gabashin Zayar, a yankin Uvira da ke bakin tabkin, dubban mutane suka tsallaka ruwa zuwa Tanzaniya. Bayan Laurent-Désiré Kabila ya karɓi mulki a watan Mayu na 1997, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, HCR, ta yi amfani da Liemba da wani jirgin mai suna Mwongozo wajen mayar da mutane fiye da 75,000 gida. Liemba ya yi sahu 22 tsakanin Kigoma da Uvira cikin wata biyar.

Karo na biyu shi ne a 2015. Da shugaba Pierre Nkurunziza na Burundi ya bayyana aniyarsa ta neman wa'adi na uku a watan Afrilu, zanga-zanga ta ɓarke, aka kuma yi yunƙurin juyin mulki ranar 13 ga Mayu. Mutane kimanin 50,000 suka taru a Kagunga, wani ƙauyen masunta na Tanzaniya da ke kan iyaka, wanda duwatsu suka tokare ta baya, tabki ta gaba. Babu isasshen ruwa mai tsabta, babu makewayi, sai cutar kwalara ta ɓulla ta kashe mutane kimanin talatin a yankin. Hanyar fita mafi sauƙi ita ce ta ruwa. HCR ta yi hayar Liemba, wanda a lokacin ya cika shekara ɗari da shiga ruwa, yana kwasar mutum 600 a kowane sahu zuwa Kigoma, tafiyar kimanin awa uku. Tun da Kagunga ba ta da tasha, da ƙananan jirage ake kai masa mutanen. Daga Kigoma ake wucewa da su sansanin Nyarugusu a mota.

Baƙi da littattafai da fim

Shaharar jirgin a ƙasashen Turai ta samo asali ne daga labarin yaƙin 1915. Marubucin Ingila C. S. Forester ya wallafa littafin ƙagaggen labari mai suna The African Queen a 1935, wanda John Huston ya mayar fim a 1951 tare da Humphrey Bogart da Katharine Hepburn. Ana ɗaukar Goetzen a matsayin tushen jirgin yaƙin Jamus da ke cikin labarin. Ɗan wasan Ingila Michael Palin ya hau Liemba a shirinsa na talabijin Pole to Pole, wanda BBC ta nuna a 1992. Marubucin Suwizalan Alex Capus kuma ya gina littafinsa na 2007 a kan ma'aikatan Papenburg uku.

Ƴan yawon buɗe ido da suka riƙa hawansa galibi sukan sauka a Lagosa ne domin shiga gandun dajin duwatsun Mahale, inda ake zuwa kallon manyan birai da ake kira shimpanze, ko kuma su wuce kudu zuwa magangarar ruwa ta Kalambo da ke kan iyakar Tanzaniya da Zambiya, wadda tsayinta ya haura mita 200. Kusa da Kigoma akwai garin Ujiji, inda ɗan jarida Henry Morton Stanley ya tarar da Livingstone a 1871, da gandun Gombe inda Jane Goodall ta fara bincikenta a kan birai a 1960. Duk da haka baƙin ba su wuce kaɗan ba cikin ɗaruruwan fasinja. Mutanen bakin tabkin ne suka riƙa cika jirgin.

Tsufa, haɗari da makoma

Jirgi mai shekaru fiye da ɗari yana buƙatar kulawa kullum. Kayan gyara daga waje ake sayo su, injunan 1993 su ma sun tsufa, kuma a shekarun baya-bayan nan lalacewa ta riƙa katse tafiyarsa. A farkon shekarun 2010 an tattauna da hukumomin Jamus kan ko za su taimaka a gyara shi ko a maye gurbinsa, a Papenburg ma wasu sun so a mayar da shi can ya zama gidan tarihi. Tanzaniya ta riƙe kayanta. Daga baya jirgin ya shafe shekaru ɗaure a Kigoma, har zuwa 2024 da aka fara wani babban aikin gyara da kuɗin gwamnati, da niyyar mayar da shi bakin aiki.

Muhimmancin wannan gyara yana bayyana ne idan aka dubi abin da ke faruwa duk lokacin da jirgin ya tsaya. Mutanen ƙauyuka ba sa daina tafiya. Sukan koma manyan jiragen katako marasa rufi, waɗanda ake cika wa mutane da kaya fiye da kima, galibi ba tare da rigunan ceto ba, su kwana suna tafiya a kan ruwa mai zurfin ɗaruruwan mita. Kuɗin jigilar buhu yakan tashi, kifi ya daɗe bai kai kasuwa ba, mara lafiya kuma ya rasa hanyar da ta fi sauƙi zuwa babban asibiti. Tabkunan yankin sun sha ganin sakamakon lodin da ya wuce ƙa'ida. A watan Disamba na 2014 jirgin Mutambala ya kife a ɓangaren Kongo na tabkin Tanganyika, mutane aƙalla 129 suka mutu. A tabkin Victoria, MV Bukoba ya nutse ranar 21 ga Mayu 1996 da ɗaruruwan rayuka, MV Nyerere kuma ya kife a watan Satumba na 2018, mutane 228 suka rasu. Waɗannan biyun na ƙarshe manyan jiragen ƙarfe ne, abin da ke nuna cewa girman jirgi kaɗai ba ya hana haɗari idan ba a kiyaye adadin fasinja da gyara a kan kari ba.

Abubuwa suna canzawa a gaɓar gabas. An shimfiɗa kwalta zuwa wasu garuruwan jihohin Rukwa da Katavi, an gina sabuwar tashar ruwa a Karema, motocin safa da manyan motocin kaya sun karɓe wani ɓangare na cinikin da a da jirgin kaɗai ke yi. Amma ƙauyukan da ke maƙale a gindin duwatsu, musamman kewayen Mahale da kudancin Kipili, har yanzu ruwa ne babbar hanyarsu. Su ne suka fi kowa jiran ranar da za su sake jin ƙahon Liemba da dare, su tura kwalekwalensu su tarye shi.